Tambaya da Amsa: Ranar da Uwar Mara Lafiya Za Ta Tsaya Gaban Allo

Wasiƙu uku na ɗauko wannan karo. Masu su ba su san juna ba, amma bakinsu ya haɗu a kan abu guda: sa marasa lafiya da masu jinyarsu cikin koyar da ɗaliban lafiya. Ta farko saƙon murya ce daga Tawa. Jikata ta zauna ta rubuta mini ita, na kuma ce ta bar maganar yadda mai ita ta faɗe ta.

Tambaya: Salamu alaikum Inna. Ni mutunniyar Tawa ce, ɗiyana biyar. Na ukun shina da amosanin jini tun shina wata bakwai, yanzu shekarunshi 15. Babu irin daren da ban gani ba cikin likita, an yi mishi ƙarin jini har na bar ƙirga. To wata malama da ke koyarwa a makarantar lafiya nan garin, wadda ta san mu tun yaron na goye, ta ce in zo in yi ma ɗalibanta magana bisa yadda nike jinyar shi. Inna, ni ko aji ɗaya ban yi ba a lakkwal, Faransanci ban ji. Mi zan koya ma masu karatun likita? Kuma uwar mijina ta ce tonon asirin gida ne, in mutane sunka ji, wa za ya auri ƙannenshi mata? Maigida ya ce in yi abin da na gani. In tahi ko in ba ta haƙuri?

*Uwar yaro, Tawa*

Amsa: Wa alaikumus salam ɗiyata. Allah ya ba yaro lafiya, ya sa wannan jinya a mizaninki. Ki tafi. Da sharuɗɗa, zan zo kansu, amma ki tafi.

Kin ce me za ki koya musu. Bari in ba ki labarin matar da ta koya mini abin da ban samu a aji ba.

Shekara 31 na yi sanye da farar riga, goma sha biyu na ƙarshe ina koyar da ɗaliban aikin jinya a nan Yamai. A shekarata ta biyu da kama aiki, ina aikin dare a ɗakin yara, cikin hunturu. Akwai wani yaro ɗan shekara biyu mai irin ciwon ɗanki, an kwantar da shi don zazzaɓi. Ƙarfe goma na duba shi, jikin ya yi sanyi, yana barci. Wajen ƙarfe biyu uwarsa ta ƙwanƙwasa mana ƙofa. Ta ce, "Madam, cikinsa ya yi tauri ta hagu, tafin hannunsa kuma ya yi fari." Na ce ta je ta kwanta, lokotoro zai zo da safe. Ta dawo bayan rabin awa, na maimaita mata, da murya mai kaushi wannan karon. Zuwa na uku ba ta ƙwanƙwasa ba. Ta turo ƙofa da yaron a kafaɗa, ta tsaya ba ta ce komai ba. Na ja fatar idonsa ƙasa, fari fat kamar takarda. Na sa hannu a cikinsa, saifa ta kumbura ta sauko har kusa da cibiya. Jinin jikinsa ne yake taruwa a cikinta. Muka tashi mai awon jini daga barci, ƙanen uban yaron ya ba da jini, aka ɗaura kafin kiran salla. Ya rayu. Da ta ji maganata ta koma ta kwanta, da ba a kai asuba da shi ba.

Washegari na tambaye ta yadda aka yi ta gane. Ta ce kullum in tana yi masa wanka tana taɓa wurin, ta san yadda yake in lafiya lau ne. Ba wanda ya koya mata. Daga baya ne na karanta cewa a ƙasar Jamaika, inda likitoci suka fara bin yara masu wannan ciwo tun daga haihuwa a 1973, da gangan aka riƙa koya wa iyaye mata lalubar saifar ƴaƴansu a gida, kuma mutuwar yara ta wannan hanya ta faɗi ƙwarai. Abin da likitocin can suka mayar darasi, wannan baiwar Allah ta gano shi ita kaɗai a bakin bahon wanka, ni kuma mai takardar shaida na kore ta har sau biyu.

To ke fa, shekara 15. Ki zauna ki tambayi kanki. Yaya idonsa yake yi kwana ɗaya kafin ciwon ya tashi? Wane irin shiru yake yi? Da sanyin Tawa ya shigo, me kike yi da dare? Yaya kike lallaɓa shi ya sha ruwa da yawa alhali ba ya jin ƙishirwa? Me kuka sayar a gidan nan don ordonansi? Wace magana ce wata ma'aikaciya ta taɓa faɗa miki da har yau in kin tuna zuciyarki ke yin sanyi, wace ce kuma in kin tuna take tafasa? Sau nawa yana murƙususu aka ce raki yake yi, ko aka ce ya saba da allura ne? Littafin da ke hannun waɗannan ɗalibai zai gaya musu sanyi da ƙarancin ruwa a jiki da zazzaɓin cizon sauro suna tayar da ciwon, zai gaya musu in zafin jikin irin wannan yaro ya kai 38,5 ba a kwana da shi a gida. Amma ba zai nuna musu yadda uwa ke ɗaukar saurayi ɗan shekara 15 a baya ƙarfe ukun dare tana neman mai kabu-kabu ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Kada Faransanci ya tsorata ki. Ki yi Hausarki ta Adar yadda kike yin ta a tsakar gida. Ɗaliban nan in sun gama, wa za su duba? Mutanen Keita da Buza da Madawa da Illela. Wanda bai iya sauraron ki ba a aji, ba zai iya sauraron su ba a CSI, wato ƙananan asibitocin unguwa da ƙauye.

Yanzu sharuɗɗan, kuma kada ki ji kunyar faɗar su ga malamar.

Kafin kowa, yaron. Ciwon a jikinsa yake, labarin nasa ne kafin ya zama naki, kuma ya kai shekarun da za a nemi izininsa. Ki same shi shi kaɗai, ki gaya masa abin da aka nema. In ya ce a'a, magana ta ƙare. In ya ce "ki faɗi wannan, kada ki faɗi wancan", ki tsaya inda ya tsayar da ke. Akwai abubuwan da wannan ciwo ke yi wa samari da ko uwa ba sa son ta sani, balle aji. Wataƙila ma ya ce zai bi ki. Na ga yara masu wannan ciwo da suka tsaya gaban ɗalibai suka yi bayani, ajin ya yi tsit fiye da yadda ya taɓa yi mini.

Ki ce ba hoto, ba ɗaukar murya, wayoyi su shiga jaka. Ki ce ba sai an faɗi sunanki ko unguwarku ba, kuma malama ta tuna wa ɗalibai tun kafin ki shigo cewa abin da aka ji a nan sirrin aiki ne, daidai da abin da aka ji a ɗakin duba mara lafiya. Tambayar da ba ki so, ki ce "wannan na bar wa cikina", ba wanda zai tilasta ki. In da hali ki tafi da wata uwar da kuka saba haɗuwa a likita, ku biyu kun fi ƙarfi, kuma ɗalibai za su ga jinya ba kala ɗaya ba ce.

Sai kuɗi. Na san za ki ce ai don Allah ne. Don Allah ne, amma malamin da ya zo ya koyar da awa biyu a makarantar nan ana biyan sa, shi ma kuma yana cewa don Allah yake yi. Kuɗin mota da na yinin da kika bar sana'arki haƙƙinki ne, ko jikka biyu ce ko uku, a yi maganarta tun farko. Makarantar da ke karɓar kuɗin ɗalibai ba ta da hujjar sallamar ki da "mun gode" da ruwan leda.

Maganar surukarki kuwa, kada ki raina ta. Tsoronta na gaskiya ne, Tawa ba ta da girman da magana za ta ɓace a cikinta, kuma na san auren da ya lalace saboda an ce "gidan su da emasi", wato amosanin jini. Ki je mata da ladabi, ki gaya mata sharuɗɗan da kika gindaya. Amma akwai abin da ya kamata ita ma ta ji. Wannan ciwo ba daga uwa kaɗai yake zuwa ba, sai uwa da uba kowa ya ba da rabinsa. In dukansu biyu suna ɗauke da shi a ɓoye, wato AS, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, wato mai ciwon. Ƴan matanki wata tana iya zama AA, wadda ba ta ɗauke da shi sam, wata AS, kuma mai AS lafiyarta ƙalau, in ta auri mai AA ba za ta haifi mai ciwon ba. Awon jini guda ne ke raba gardama, akwai kuma cibiyar ƙasa ta masu wannan ciwo a nan Yamai in ana son ƙarin bayani. Abin da zai kare jikokinta awon ne kafin a sa rana. Ɓoyewa ita ce ke kai ƙanwa ga irin daren da ke kika sha.

In kin je kin dawo, ki sake aiko mini da saƙo. Ina son in ji tambayar farko da suka yi miki.

Tambaya: Mama, ina gaisuwa. Ni ɗalibi ne a shekara ta uku ta aikin jinya a Yamai. Watan jiya makarantarmu ta kawo wani dattijo mai ciwon suga da wata mata da ke jinyar mijinta mai shanyewar ɓarin jiki. Awa biyu suna zayyana laifin ma'aikatan asibiti: ba ma gaisuwa, muna tsawa, muna danna waya. Yanzu kuma an ce wai a jarrabawar gwaji za a ji ra'ayinsu a kanmu. Mama, mu da muke sitaj mun san abin da ke ciki. Mutum ɗaya da gado talatin, safar hannu sai ka saya da kuɗinka. Su ba su san wannan ba. Shekara uku ina karatu, sannan wanda bai san sunan ƙashi ko ɗaya ba ya ba ni maki? Wannan ba raini ba ne?

*Ɗalibi, Yamai*

Amsa: Ɗana, na ji ka, kuma rabin maganarka gaskiya ce. Na yi dare ni kaɗai da ɗaki cike, na san yadda ƙafa ke yi da asuba. In makarantarku ta zaunar da ku awa biyu ana yi muku shari'a ba a ba ku bakin magana ba, ta yi kuskure, kuma laifin na wanda ya shirya zaman ne. Ya kamata a zauna da baƙin tun kafin ranar a tsara abin da ake so ɗalibai su fita da shi, a roƙe su su faɗi wanda ya kyautata musu kamar yadda za su faɗi wanda ya ɓata musu, sannan a bar ku ku ma ku faɗi abin da ke bayan labule. Na taɓa ganin mai jinya ta fashe da kuka da ta ji cewa yarinyar da ta yi mata tsawa ta kwana biyu ba ta koma gida ba. Ɗaliba ita ma ta yi kuka. Wannan ajin ya fi wata guda na darasina amfani.

Amma abin da dattijon nan ya faɗa, ba shi ya ƙirƙira ba. A 2003 wani littafi ya fito daga binciken da aka yi a asibitocin manyan birane biyar, Abijan da Bamako da Konakiri da Dakar da Yamai ɗinmu, ƙarƙashin jagorancin Yannick Jaffré da Jean-Pierre Olivier de Sardan na cibiyar bincike ta LASDEL da ke nan garin. Masu binciken sun zauna a kan benci tare da marasa lafiya suna kallo. Abin da suka gani shi ne abin da kowa ya sani ba a faɗa: wanda ke da sani a ciki ana tarbar sa da fara'a, wanda ba shi da kowa ba a ko ɗaga kai a dube shi, ana rubuta masa magani ba a gaya masa abin da ke damun sa ba. Da na karanta na ga kaina a wasu shafukan. Rashin safar hannu ba shi ke hana sallama ba.

Kuma ba ciwon ƙasarmu kaɗai ba ne. A Amurka, a 1984, wasu masu bincike biyu, Beckman da Frankel, sun ɗauki muryar ganawa 74 tsakanin likita da mara lafiya. Suka tarar a tsakaice daƙiƙa 18 kawai likita ke bari mutum ya yi magana kafin ya katse shi. Gobe in ka je sitaj ka ƙirga naka a zuci.

Ka ce bai san sunan ƙashi ba. Ba a kan ƙashi za a tambaye shi ba. Ko ka auna hawan jini daidai, ko ka wanke hannu, ko ka lissafa ɗigon ƙarin ruwa, wannan na malamanka ne, kuma in aka ba dattijon wannan maki ni ma zan taya ka ƙorafi. Abin da za a tambaye shi: ka gaishe shi? Ka gaya masa abin da za ka yi kafin ka ɗaga masa riga? Da ya fita, ya gane sau nawa zai sha maganin, kafin abinci ko bayansa, da abin da zai yi in ya ji jiri da gumi ga yunwa? Wa ya fi shi sanin amsar wannan? Malaminka da ke tsaye a gefe da takarda ya riga ya san maganin, don haka ko bayaninka ya cukurkuɗe zai gane. Dattijon ne kaɗai ma'aunin gaskiya.

Wannan hanya ta daɗe. Tun 1963 wani likitan jijiyoyi a Los Anjalas, Howard Barrows, ya koya wa wata mata lafiyayya ta kwaikwayi mai shanyewar ƙafafu, ɗalibai su duba ta, ita kuma ta faɗi yadda suka yi. A Ingila, daga 2003, jami'ar da ke son koyar da aikin kula da jin daɗin jama'a dole ta sa masu cin moriyar aikin da masu jinyarsu a cikin zaɓen ɗalibai da koyarwa da jarrabawa. A Jami'ar Montireyal ta Kanada, a 2010, sashen koyon likita ya buɗe ofishi na musamman don wannan, ya ɗora Vincent Dumez a kai, mutumin da aka haifa da ciwon rashin daskarewar jini, ya kuma kamu da sida da ciwon hanta ta jinin da aka ƙara masa. Masu sida ma su suka fara buɗe wannan ƙofa da ƙarfin tsiya, har ƙasashe 42 suka sa hannu a Paris ranar 1 ga Disamba 1994 cewa ba za a ƙara tsara yaƙi da cutar ba tare da masu ɗauke da ita ba.

Kada ka ce na Turawa ne. A Mirya, jihar Damagaram, ƙungiyoyin agajin lafiya na ALIMA da BEFEN sun ba iyaye mata ɗan tsirin nan mai launi uku na awon damtsen yaro don gano tamowa, aka nuna musu ja na nufin ƙasa da milimita 115, a kawo shi yau. Mata da yawansu ba su taɓa riƙe alƙalami ba. Aka tarar awonsu bai gaza na ma'aikatan ƙauye da aka horar ba, kuma yaran da ke da tamowa suna isowa da wuri. Yanzu ƙasashe da dama sun ɗauki wannan dabara, daga wurinmu.

Ga abin da na fi so ka riƙe. Kana karatu da Faransanci, za ka yi aiki da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Buzanci. Tun 2025 dokar ƙasa ta ce Hausa ce harshen ƙasa, amma littafinka bai canza ba. Wa zai koya maka cewa in uwa ta ce maɗigar jariri ta faɗa, ka nemi zawo da ƙarancin ruwa? Cewa in mace ta sunkuyar da kai ta ce tana da sanyi, ba mura take nufi ba? Cewa yarinyar da ta kawo ɗan fari, ta zauna nesa da shi, ta ƙi faɗar sunansa, ta bar kaka na amsa tambaya, ba rashin kula ba ne, kunya ce, kuma in kana son gaskiyar yadda yake shan nono sai ka fitar da kakar da dabara? Na ga ɗaliba ta rubuta "uwa ba ta damu da ɗanta ba" a kan irin wannan yarinya, alhali kwana uku ba ta runtsa ba.

Sai kuma "da sauƙi". Bahaushe ko ransa na fita, ka ce ya jiki, zai ce da sauƙi. Wata tsohuwa mai ciwon daji da na riƙa gayyata ajina ita ta warware wa ɗalibaina wannan. Ta ce, "Ƴaƴana, da sauƙi gaisuwa ce, ba amsa ba ce. In na ce da sauƙi, ku ja kujera ku zauna, ku ce to Inna, jiya kin yi barci? Me kika ci? Nan za ku ji." Ta rasu shekarun baya, Allah ya jiƙanta. Har yau in na haɗu da ɗalibaina na wancan lokaci, wasu sun zama majo a CSI, maganarta suke fara tuna mini kafin tawa.

Matar nan mai jinyar mijinta, ka neme ta in ta sake zuwa. Ka tambaye ta yadda take juya shi ita kaɗai kada bayansa ya yi gyambo, da yadda take ba shi kunu ba ya shaƙewa, da wanda ke kama mata in ita ta kwanta ciwo. A asibitocinmu mai jinya ce ke wanki, da ciyarwa, da zubar da fo, da gudu zuwa farmasi, da kwana a tabarma ƙarƙashin gado. Kai da kake kuka da gado talatin, ita ce abokiyar aikinka ta kusa, ko an rubuta ko ba a rubuta ba.

Tambaya: Hajiya, barka da aiki. Iyalina ta haihu kwanan baya a wani asibiti a nan Yamai. Tana cikin naƙuda ɗalibai takwas suka kewaye ta, maza da mata, uku suka duba ta ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya tambaye ta. Da ƙanwata ta yi magana aka ce nan wurin koyo ne. Har yau in ta tuna sai ta yi hawaye. Shin wannan ne sa marasa lafiya cikin koyarwa da ake faɗa? Muna da ikon ƙi?

*Magidanci, Yamai*

Amsa: Malam, Allah ya raya abin da aka samu, ya ba maijego lafiya. Ka gaishe ta, ka ce mata abin da aka yi mata ba daidai ba ne, kuma hawayenta ba shagwaɓa ba ce.

A'a, ba shi ba ne. Wannan tsohuwar hanya ce, inda ake koyo a jikin mutum ba a neman bakinsa. Kuna da ikon ƙi, a kowane asibiti, na koyarwa ne ko ba na koyarwa ba, kuma ƙin bai halatta wa kowa ya rage mata kulawa ba. Duba mace mai naƙuda ta ciki ba abin da ake jerin gwano a kansa ba ne. Ban da mutunci, yawan sa hannu yana ƙara haɗarin shigar ƙwayoyin cuta, musamman in faya ta riga ta fashe. Ungozomar kirki ta san wannan.

Ba zan ɓoye maka ba, ɗalibai dole su koya a wurin masu haihuwa na gaske, in ba haka ba wadda za ta karɓi haihuwar ɗiyarka nan da shekara ashirin ba za ta iya komai ba. Amma a shekarun da na yi ina raka ɗalibai, in na durƙusa kusa da kan mace na ce, "Ƙanwata, ga ɗaliba ɗaya tare da ni, sunanta wance, kin yarda ta duba ki ina tsaye?", da wuya a samu mai cewa a'a. Wadda ta ƙi kuma, mu ce mun gode, mu ja labule. Ba ya cin minti ɗaya.

Tunda abin yana cin ta har yanzu, kada ku bar shi a ciki. In ta yi arba'in ta ji ƙarfi, ku koma tare, ku nemi babbar ungozoma mai kula da ɗakin haihuwa, ba a bakin ƙofa cikin hayaniya ba, ku ce kuna son minti goma a ofishinta. Ka bar ta ta faɗa da bakinta in za ta iya, kai ka zauna kusa. Ku faɗi rana da lokaci da adadin waɗanda suka shigo. Ku nemi abu guda takamaimai: a riƙa tambayar mace kafin ɗalibi ya taɓa ta, kuma kada su wuce biyu a bayan labule. In ba a saurare ku ba, ku rubuta takarda zuwa ga shugaban asibitin, ku riƙe kwafi. In kuma ciki na gaba ya zo, tun a awon farko ta sa a rubuta a katinta cewa ba ta son taron ɗalibai, wadda za ta raka ta ranar haihuwa kuma ta san da maganar tun daga gida.